*The team is* ko *the team are*? Fashin baƙi kan suna tattarau a Turanci

Mai bibiyar gasar Firimiya ta Ingila ya saba jin masu sharhi suna cewa *Arsenal are leading* ko *Liverpool have scored*. Arsenal ƙungiya ɗaya ce, babu *s* ɗin jam'i a ƙarshen sunanta, amma ga shi an bi ta da *are*, kalmar da tun muna firamare aka ce mana ta jam'i ce. Da ɗan jaridar Amurka ne ke ba da labarin wasan, *Arsenal is leading* zai ce. Ba wanda ya karya nahawu a cikinsu. Kowa abin da kunnen mutanen ƙasarsa ya saba da shi ya bi.

Kalmomi irin su *team*, *family*, *committee*, *government*, *jury*, *audience*, *crew*, *army* da *herd* su ne suna tattarau: siffarsu ta tilo, amma taro suke nufi. Tambayoyi uku ne ke tasowa a kansu, kuma masu koyo kan dama su wuri guda har su rasa bakin zaren. Wane aikatau da wane wakilin suna za su biyo bayan kalmar? Yaya ake yi wa ita kanta kalmar jam'i? Ina waƙafin sama, wato alamar ('), zai zauna idan ana nuna mallaka? A ta farkon ce kaɗai ake da zaɓi, kuma a nan ne Ingila da Amurka suka raba gari. Sauran biyun ba ruwansu da ra'ayin marubuci, ba ruwansu da ƙasar da ya fito.

Akwai wani ƙaramin tarko da ya kamata a kawar tun daga bakin ƙofa. A Turanci harafin *s* aiki biyu yake yi masu karo da juna. Idan ya maƙale wa suna, jam'i yake nunawa. Idan ya maƙale wa aikatau, tilo. *The boy plays*, amma *the boys play*. Ke nan *the team plays* tilo ne, *the team play* jam'i. Kurakurai da yawa da ake ɗora wa suna tattarau daga wannan juyin suke fitowa.

Aikatau: siffa ko ma'ana

Abubuwa biyu ne ke jan aikatau, kowanne zuwa ɓangarensa. Siffar kalma na cewa *committee* tilo ne, tun da ana iya cewa *a committee*, don haka *is* ya dace. Ma'ana kuma na cewa kwamiti mutane ne, su ne ke zama, su ne ke gardama, don haka *are* ya dace. Kamar tsintsiya ce: wani maɗauri yake gani, wani tsinkaye.

Bahaushe bai kamata wannan ya zo masa a baƙo ba, don kullum muna yin sa ba tare da mun lura ba. Mukan ce jama'a ta taru a filin idi, mu kuma ce jama'a sun watse. Mukan ce kwamiti ya miƙa rahotonsa, can kuma mu ce kwamitin sun kasa daidaitawa. Ba wanda ke tsayar da mu ya ce mun yi kuskure. Turancin Ingila haka yake tafiya.

A ajin shirin WAEC da NECO da JAMB, inda ake kiran wannan babi *concord*, ƙa'idar da aka fi bayarwa ita ce: idan taron na aiki tare a matsayin abu guda, a sa tilo, idan kowa na yin nasa, a sa jam'i. *The jury has reached its verdict*, masu taya alƙali yanke hukunci sun tsaya kan magana ɗaya. *The jury are arguing among themselves*, suna ta musu a tsakaninsu. Ƙa'idar tana da amfani, kuma tana fitar da ɗalibi a jarrabawa. Sai dai ba ita ce dukan labarin ba. A 2016 da Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya, abin da Bature ɗan Ingila zai ce shi ne *Leicester are champions*. Wane haɗin kai ne ya wuce na ƙungiyar da ta ci kofi tare? Amma jam'in aka yi amfani da shi. Ashe ban da ma'ana akwai al'ada, kuma al'adar ta danganta da ƙasa da kuma fagen da ake magana a ciki.

A Ingila, ƙungiyar wasa jam'i ce kusan ko da yaushe, haka ma ƙungiyar mawaƙa. Har sunan ƙasa yakan koma jam'i da zarar an shiga fili. Ɗan jarida ɗaya zai rubuta *Nigeria is the most populous country in Africa* a shafin labarai, a shafin wasanni kuma, kan wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2013 da Najeriya ta doke Burkina Faso da ci ɗaya mai ban haushi, ya rubuta *Nigeria have won*. A jimlar farko ƙasa ake nufi, a ta biyu 'yan wasa sha ɗaya. A majalisar dokokin Birtaniya, har cikin rubutaccen rahoton zamanta na hukuma, *the Government are* da *the Government have* ne aka saba gani. Amma kafafen labarai da yawa na can, idan suna maganar gwamnati ko kamfani, tilo suke zaɓa. Ko a Landan ɗin ma ke nan ba baki ɗaya ake ba.

Amurkawa sun fi tsayawa kan siffa. *The government is*, *the committee has*, *my family lives in Chicago*. Idan ma'ana ta matsa musu lamba, maimakon su juya aikatau sai su sako kalmar da ke jam'i a fili: *the members of the jury are arguing*. A wasanni ba su cika shiga matsala ba saboda yawancin sunayen ƙungiyoyinsu jam'i ne tun asali, irin su Lakers da Yankees, kamar dai Super Eagles da Kano Pillars a wajenmu. 'Yan kaɗan ɗin da sunansu bai da *s*, irin su Miami Heat da Utah Jazz, su ma galibin 'yan jaridar can jam'i suke ba su don su yi daidai da sauran. Amma da zarar an kira ƙungiyar da sunan garinta sai a koma tilo: *Miami is winning*.

Abin sha'awa shi ne ba haka Amurka ta faro ba. Kundin tsarin mulkinta, wanda aka rubuta a 1787, ya ce *The House of Representatives shall chuse their Speaker*, da *their*, ba *its* ba. Wannan *chuse* ɗin ma tsohon rubutun *choose* ne. Inda ya yi bayanin cin amanar ƙasa, ya kira ita kanta *the United States* da *them* da *their Enemies*. Gyara na 13, wanda ya haramta bauta a 1865, ya ci gaba da cewa *their jurisdiction*. Sannu a hankali, cikin ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, *the United States is* ya danne *the United States are*. Akan ce yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 ne ya juya kalmar dare ɗaya. Labarin ya fi gaskiyar daɗin ji, domin sauyin ya ɗauki shekaru gommai, amma yana nuna cewa yadda mutane ke kallon taro, dunƙulalle ko rarrabe, yakan sauko har cikin aikatau.

Kada mai karatu ya ɗauka an saki ragama ne kowa ya yi yadda ya ga dama. Akwai wuraren da ko a tsakiyar Landan jam'i ba ya shiga. Idan abin da aikatau ke faɗa ya shafi taron ne a dunƙule, ba mutanen da ke ciki ba, tilo ne tilas. *The committee was set up last year*: kwamitin aka kafa, ba mambobinsa ba. *The team consists of eleven players*: ƙungiyar ce ta ƙunshi mutum sha ɗaya. A duba waɗannan biyun da kyau: *his family is big* da *his family are big*. Ta farko na nufin iyalinsa na da yawa. Ta biyu na nufin mutanen gidan ƙatti ne, kowa da jiki. Kalma ɗaya aka canza, zancen yawan iyali ya koma zancen ƙiba.

Haka kuma abin da ke gaban sunan ba ya motsi. Za ka ji ɗan majalisar Birtaniya ya ce *this Government are*, amma ba za ka taɓa jin *these Government* ba. Da an sa *each* ko *every*, magana ta ƙare, tilo ne: *each team has a captain*. Shi ya sa kundin Amurkan nan, da ya ce *their Speaker*, a wani sashe na gaba ya ce *Each House may determine the Rules of its Proceedings*. Sannan duk wannan zaɓin na masu rai ne. *Forest* tarin itatuwa ne, *library* tarin littattafai, *a bunch of keys* tarin mabuɗai, amma ba mai cewa *the forest are burning*.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a tsakiyar jimla, musamman a wajen sakataren da ke rubuta abin da aka tattauna a taro. Ga irin jimlar da ake yawan gani: *The committee has submitted their report*. An faro da *has*, wato an ɗauki kwamitin abu guda, kafin a kai ƙarshen layi an manta, an koma *their*. Dalilin a fili yake. Aikatau yana manne da sunan, don haka siffa ce ke rinjaye a kansa. Wakilin suna yana ɗan nesa, kuma duk nisan da aka yi da kalmar, mutanen da ke cikinta ne ke dawowa zuciya. Turawan kansu, musamman Amurkawa, suna yin haka a baki kullum, kuma ba wanda ke ɗaga kai. A rubutu ne ido ke kamawa. Gyaran biyu ne, kowanne daidai: *has submitted its report*, ko *have submitted their report*. *Which* da *who* ma layi ɗaya suke bi: *the committee, which meets on Mondays, has* a gefe guda, *the committee, who are all volunteers, have* a ɗaya gefen.

A ganina, marubucin Najeriya ko Ghana da ke rubuta wasiƙar ofis, rahoto ko kundin digiri, tilo ya fi masa kwanciyar hankali a kan hukumomi da kamfanoni da kwamitoci, domin ba Ingila ba Amurka, ba inda za a ce ya yi kuskure. Idan ma'anar ta ƙi tilo, ya sako *members*. A labarin ƙwallo kuma jam'in ya fi daɗin kunne ga wanda ya tashi da sharhin Firimiya. Mai jarrabawa shi kuma ya dinga leƙa ƙarshen jimla kafin ya zaɓi amsa: idan ya hango *its* ko *themselves* a can, mai tambayar ya riga ya faɗa masa abin da yake so.

Jam'in kalmar kanta, da 'yan tawayen cikinta

Nan ba wata doguwar magana. Suna tattarau suna ne da ake ƙirgawa kamar kowane: *team* ya zama *teams*, *family* ya zama *families*, *class* ya zama *classes*, *jury* ya zama *juries*. Abin lura kawai shi ne jam'in yana ƙirga taruka ne, ba mutanen ciki ba. *Two families* gida biyu ne, ba mutum biyu 'yan gida ɗaya ba. *The family are eating* kuwa gida ɗaya ne, an dubi mutanensa. Da an ce *families*, zaɓi ya ƙare, *are* ne a ko'ina a duniya.

'Yan tawayen su ne ke cin lokaci. *Police*, *people* da *cattle* ba su da *s*, amma jam'i ne tsantsa, a Ingila da Amurka duka. *The police are investigating*, ba *is* ba. A dubi kanun labaran jaridun Turanci, za a ga abin a sarari: *Police arrest two suspects*, amma *Army arrests two suspects*. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. *Police* jam'i ne, shi ya sa aikatau ɗinsa ya zo ba *s*. *Army* suna tattarau ne na gama-gari da aka ɗauka tilo. Idan kuma aka kira hukumar da cikakken sunanta, kalmar *Force* ce ke jan ragama: *the Nigeria Police Force has*. Ɗan sanda guda *a police officer* ne, ba *a police* ba. Shanu ma haka: ba *a cattle*, ba *cattles*, *a cow*, *a bull*, ko *twenty head of cattle*, kuma *head* ɗin nan ba ya karɓar *s*.

*Staff* ita ce kalmar da ta fi shan wahala a ofisoshinmu. *I am a staff of the ministry* da *all staffs should attend* sun zama ruwan dare har kunne ya daina jin su. A daidaitaccen Turanci *staff* dukan ma'aikatan wuri ne a haɗe. Mutum ɗaya *a member of staff* ne a Ingila, *a staff member* a Amurka. Kalmar *staffs* tana nan, amma aikinta ƙirga rukunoni: *the staffs of the two hospitals*, ma'aikatan wannan asibiti da ma'aikatan wancan. Wani abin da ke ƙara rikita mutane shi ne ana iya sa adadi a gabanta kai tsaye, musamman a Ingila: *twenty staff*, kamar yadda ake cewa *ten crew* ko *fifty police*. Ba a yin haka da *family* ko *committee*. Ba wani dalili mai zurfi, haka harshen ya gada.

*People* fuska biyu gare ta. Ta yau da kullum ita ce jam'in *person*: *many people are waiting*. Ta biyun na nufin al'umma guda mai harshe ko tarihi ɗaya, kuma wannan tana karɓar *a* tana karɓar *s*: *a proud people*, *the peoples of West Africa*. Kundin tsarin mulkin Amurka ya buɗe da *We the People*, na Najeriya na 1999 ma da *We the people*, don kowanne na magana ne da yawun al'umma ɗaya. Yarjejeniyar da ta kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 kuwa da *We the peoples* ta buɗe, don al'ummomi ne barkatai suka taru. Wannan *s* ɗin da gangan aka sa shi.

Kada a haɗa suna tattarau da sunayen da ba a ƙirga su. *Furniture*, *equipment*, *luggage*, *information* da *advice* suna kama da taro, amma hukuncinsu daban: tilo ne har abada, ba sa karɓar *a*, ba sa karɓar *s*. Babu *equipments*, babu *the furniture are*. Mai son ƙirgawa sai ya ari wata kalma, *three pieces of equipment*.

Sai *corps*, wadda duk wanda ya yi hidimar ƙasa a ƙarƙashin National Youth Service Corps, shirin da aka kafa a 1973, ya san ta. Daga Faransanci aka aro ta. *S* ɗin ƙarshenta ba na jam'i ba ne, kuma a tilo ba a furta shi, ba a furta *p* ɗin ma. Rubutun tilo da jam'i ɗaya ne, a furuci ne kaɗai jam'in ke samun sautin *z*. Mai hidima guda *a corps member* ne; *corper* ƙirƙirarmu ce ta gida.

Kalmomin adadi irin su *number* da *majority* kuwa, abin da ke gabansu ake dubawa. *A number of students are absent* na nufin ɗalibai da dama, don haka jam'i. *The number of students is rising* adadin ne ke ƙaruwa, don haka tilo. *The majority of voters are women* ma jam'i ne ko a Amurka, saboda *voters* ta riga ta fito fili.

Mallaka: waƙafin sama harafin ƙarshe kawai yake kallo

A Hausa alamar mallaka kan abin da aka mallaka take sauka: hukuncin kwamiti, motar gwamnati. A Turanci kan mai abin take sauka, shi kuma yake zuwa farko: *the committee's decision*. Asalinta ɗafin *-es* ne na tsohon Turanci. Waƙafin saman kuwa a ƙarni na 16 ya shigo daga masu ɗab'in Faransa, aikinsa na farko nuna gurbin harafin da aka yar, daga baya ya zama alamar mallaka. Sa shi bayan *s* ɗin jam'i ya zo ne a makare, kuma ƙa'idar ba ta gama zama daram ba sai wajen ƙarni na 19. Sabon abu ne idan aka kwatanta da shekarun harshen, shi ya sa har gobe su kansu masu harshen ke tafka kuskure a kansa a allunan shaguna.

Ƙa'idar mataki biyu ce. Da farko rubuta mai abin yadda yake, tilo ko jam'i, ka gama da shi. Sannan dubi ƙarshensa: idan jam'i ne da ya ƙare da *s*, ɗora waƙafin kaɗai a bayansa, in ba haka ba, ɗora waƙafi da *s*. Ƙungiya ɗaya, *the team's bus*. Ƙungiyoyi da yawa, *the teams' buses*. Gida ɗaya, *the family's land*. Gidaje da yawa, *the families' land*.

Ga inda ake rikicewa. Wanda ya zaɓi jam'i a aikatau sai ya ga kamar dole waƙafin ma ya koma bayan *s*. Ba haka ba ne. Mai sharhin da ya ce *Arsenal are leading*, idan zai yi maganar kocinsu *Arsenal's manager* zai rubuta. *The team are celebrating the team's first win* daidai ce daga farko har ƙarshe. Aikatau yana iya bin ma'ana, waƙafi ba ya bin komai sai haruffan da ke kan takarda. Da ka rubuta *teams'*, ka ce ƙungiyoyi biyu ne ko fiye, ko da ba haka kake nufi ba.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne kunne ba ya taimako ko kaɗan. *Family's*, *families* da *families'* furucinsu ɗaya ne sak. Haka *class's*, *classes* da *classes'*. Malamin da ya rubuta *the class's result* aji ɗaya yake nufi. Wanda ya rubuta *the classes' results* azuzuwa. A baki ba bambanci, sai mai sauraro ya gane daga zancen.

Jam'in da bai ƙare da *s* ba, waƙafi da *s* yake ɗauka kamar tilo: *children's*, *women's*, *men's*, *people's*. Babu *childrens'*, babu *womens'*, domin babu *childrens* ko *womens* da za a ɗora wa waƙafin. *People* ce kaɗai ke da kowanne, saboda fuskokinta biyu. *People's Republic of China*, wadda aka ayyana a 1949, jamhuriyar jama'a ce, al'umma guda. Yarjejeniyar kare haƙƙi da shugabannin Afirka suka amince da ita a Nairobi a 1981 kuwa sunanta *African Charter on Human and Peoples' Rights*, waƙafi bayan *s*, domin ban da haƙƙin mutum ɗaya-ɗaya ta tanadi haƙƙin al'ummomi, irin su 'yancin cin gashin kai da iko da arzikin ƙasarsu. Hukumar da ke Banjul da kotun da ke Arusha duk da wannan waƙafin suke rubuta sunayensu. Wanda ya matsar da shi gaban *s* ya taɓa ma'anar da masu yarjejeniyar suka nufa.

Akwai makarantu biyu a Ingila da malamai ke son buga misali da su. A Oxford akwai *The Queen's College*, da aka kafa a 1341 aka sa mata sunan sarauniya ɗaya. A Cambridge akwai *Queens' College*, wadda sarauniya Margaret ta kafa a 1448, sarauniya Elizabeth Woodville ta sake kafa ta a 1465. Sarauniya biyu, waƙafi a bayan *s*. Ta Legas, wadda aka buɗe a 1927, *Queen's College* ce.

Idan sunan taron dogo ne mai kalmomi da yawa, alamar mallakar can ƙarshen ayarin take tafiya, ba kan kalmar da ke shugabanci ba: *the Council of State's advice*, *the Board of Trustees' decision*. A ta biyun *Board* ce mai hukuncin, kuma tilo ce, amma tun da *Trustees* ce a ƙarshe kuma jam'i ce mai *s*, waƙafin kaɗai aka ɗora. Idan abin ya yi wa baki nauyi, a juya shi da *of*: *the decision of the Board of Trustees*. Sunan iyali ma mataki biyun nan yake bi. A fara yi masa jam'i, *the Obamas*, *the Bushes*, ba tare da waƙafi ba, sannan a ɗora mallaka: *the Obamas' house*.

Wakilan suna na mallaka irin su *its* da *their* ba sa ɗaukar waƙafi ko kaɗan. *The team lost its captain*. *It's* gajerta *it is* ne ko *it has*, ba ta da alaƙa da mallaka.

Sau da yawa ma Turanci ba ya amfani da mallakar sam. Yakan jera suna tattarau a gaban wani suna ya yi masa aikin sifa: *staff room*, *police station*, *team captain*, *family house*, *government school*. *The police's report* ba kuskure ba ne a nahawu, amma yana da nauyi a baki, shi ya sa kowa ke cewa *the police report*. Allon da aka rubuta *Staff Quarters* ya fi wanda aka rubuta *Staff's Quarters* dacewa, *Staffs Quarters* kuwa ba ta da madafa.

Wannan hanyar ce ta buɗe wa hukumomi ƙofar yar da waƙafi a sunayensu. Amurka na rubuta *Veterans Day* da *Department of Veterans Affairs* ba waƙafi, a kan cewa ranar da ma'aikatar don tsofaffin sojoji aka yi su, ba mallakinsu ba ne. Hukumar da ke kula da sunayen wurare a can, tun kafa ta a 1890, cire waƙafin mallaka take yi, sai 'yan wurare ƙalilan da ta yi wa rangwame, irin su tsibirin *Martha's Vineyard*. Majalisar birnin Birmingham a Ingila ita ma a 2009 ta yanke shawarar daina sa shi a allunan tituna, abin da ya jawo mata surutu ba kaɗan ba. A sunan hukuma ko ƙungiya, yadda masu sunan suka rubuta shi ake kwafa, ko ya yi wa mai nahawu daɗi ko bai yi ba.

Manyan jam'iyyun Najeriya biyu duk sun bi wannan sahu. *All Progressives Congress*, da aka kafa a 2013, ba ta da matsala: *Progressives* jam'i ne na gama-gari da ke aikin sifa, kamar *Veterans* ɗin can. *Peoples Democratic Party* ta 1998 ce ke sa editoci susar kai, domin *people* jam'i ce tun kafin a ƙara mata *s*. Wasu jaridun kan mayar mata da waƙafin kafin *s*, ta zama jam'iyyar jama'a. Wasu su sa shi a baya, ta zama jam'iyyar al'ummomi. A jerin jam'iyyun da ke hannun hukumar zaɓe dai, babu waƙafi a gaba, babu a baya.